Tabaraun Sama'ila

Shekara ashirin da ɗaya ke nan ana kirana Boka, alhali ni ɗan gidan malamai ne a Birnin Kebbi, sunana na yanka Rabi'u. Ranar da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya fara jin wani abokina a ƙofar gida yana sallama da Boka, sai da ya rufe littafin da yake karantarwa ya sa aka kira ni. Na yi masa bayani cewa sunan wasa ne, wasan harbi a kwamfuta. Sai ya ce da ma bokancin na gaske ne, da ya san addu'ar da zai yi mini.

Sunan ya samo asali daga wani shago a bakin ƙofar makarantarmu, lokacin muna karatun difloma. Mai shagon yana da kwamfuta huɗu, irin masu ƙatuwar ƙeyar nan, biyu na kallon gabas, biyu na kallon yamma, sun haɗa baya a kan dogon teburi ɗaya, wata shuɗiyar waya ta ɗaure su da juna. Litinin zuwa Juma'a ana buga wa ɗalibai takardu da su. Asabar da Lahadi kuwa, daga azahar zuwa la'asar, namu ne. Ni da abokina Tamba a gefe guda, abokanmu Hodi da Sama'ila a ɗaya gefen. Kowa da bindigarsa, fili ɗaya, ka nemo abokin gaba ka harbe shi kafin ya harbe ka. Ba mu taɓa wahalar da bakinmu da sunansa na Turanci ba. Harbi muke ce masa.

Mun raɗa wa kowane lungu na filin suna. Akwai wani kwari mai koren ruwa, da rijiya a bakinsa wadda duk wanda ya faɗa ya mutu, muka ce Zauro ke nan, garin nan na bakin fadama. Akwai dogon zaure mai jan bango, muka ce Kasuwa. Akwai wani ɗaki mai duhu can ƙurya inda ba kowa ke zuwa ba, muka sa masa Gulma, don kawai Sama'ila mutumin Gulma ne.

Dokokinmu uku ne. Ba a miƙewa tsaye a leƙa kwamfutar abokin gaba, wanda ya yi an kore shi mako biyu. Zagayen da kiran la'asar ya tarar ana yi shi ne hukuncin ranar, ko sau nawa aka ci ka kafin nan. Sai ta uku: duk lokacin da janareta ya mutu, ɓangaren da ake ci shi ke fita rana ya ja igiya. Janaretan shagon nan kuwa yana mutuwa fiye da mu da ake harbi. A shekara biyu hannuna bai taɓa igiyar nan ba. Tamba ma haka, albarkacina.

Duk inda mutum ya ɓuya na sani. Kafin Sama'ila ya gama durƙusawa bayan akwati, gurnetina ta riga ta sauka kusa da shi. Hodi ya taɓa caje mini aljihu yana neman laya.

Ga yadda abin yake, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sama'ila yana sa tabarau, manya, masu kauri kamar gindin kwalba. Kujerata tana fuskantar tasa, kuma tsakanin ƙeyar kwamfutocin akwai 'yar tazara kamar faɗin tafin hannu. Shagon duhu gare shi, tagarsa ɗaya an toshe ta da kwali. Duk abin da ke fuskar kwamfutar Sama'ila yana haskawa a tabaraunsa. Ba mutum nake gani ba, launi nake gani. In ya yi kore, suna Zauro. In ya yi ja, suna Kasuwa. In ya yi baƙi, Sama'ila ya tafi garinsu. Hodi kuwa, Allah ya yi shi da bin bayan Sama'ila duk inda ya sa ƙafa, saboda haka gurneti ɗaya takan ishe su su biyu. Ban taɓa miƙewa tsaye ba ko sau ɗaya. Doka ta ce kada a miƙe. Na sha maimaita wa kaina wannan.

Bayan makaranta kowa ya kama gabansa. Hodi ya kafa injin casar shinkafa a Argungu. Tamba ya shiga harkar albasa. Sama'ila ya koma Gulma koyarwa, har ya zama hedimasta. Ni na sami aiki a wata ma'aikata, shekara goma sha takwas ina ɗaukar fayil daga teburin nan zuwa teburin can, ko agogon bango ba a taɓa ba ni na yabo ba. In aka cire Boka, ban san abin da na taɓa ci a duniya ba. Matata Nuriyya ta ji labarin kowane yaƙi har ta haddace, in na yi kuskuren adadin gawa takan gyara mini.

Sai duniya ta canja, harbi ya koma cikin waya. Abokan nan nawa uku, masu furfura a gemu, suka shiga ciki tsundum. Yanzu mutum ɗari ake jefowa daga jirgin sama, kowa da lema, ba wanda ya san wani. Kana sauka ka hau tsintar bindiga a gidajen mutane. Filin yana ta tsukewa yana kora ku wuri guda kamar awaki. Ana saya wa soja riga da hula da takalmi, har da rawa.

Na gwada sau ɗaya, a ɓoye, cikin mota, ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidana a Gwadangaji, na ɗage gilashi. Ban ko gama naɗe lemata ba wani ya harbe ni a ƙeya. Sanye yake da kayan zomo, ruwan hoda. Ya tsaya kan gawata ya taka rawa, sannan ya faɗi wata magana cikin wani yare da ban taɓa ji ba, amma daga muryar na gane ba gaisuwa ya aika wa iyayena ba. Na dubi gabana. Babu teburi, babu tazara, babu tabaraun kowa. Na goge wasan kafin in buɗe ƙofar mota.

Daga ranar na zama mai ra'ayi. A guruf ɗinmu na waya, wanda Tamba ya sa wa suna Zauren Boka, nakan rubuta dogayen bayanai. Wannan ba Harbi ba ne, tallan tufafi ne. Harbi na gaske shi ne ka kashe mutum kana jin numfashinsa, ku tashi ku ci ƙosai tare. Wanda ba ka san kakansa ba, me za ka ji in ka harbe shi? Duk gaskiya ne, har yanzu ina kan bakana. Amma kullum nakan rufe da jimla ɗaya: ku kawo mini na da ku ga aiki. Shekara shida ina faɗin haka hankali kwance, don mai shagon ya daɗe da barin gari, shagon ma yanzu fenti ake sayarwa a ciki.

Ran wata Laraba Hodi ya turo hoto. Kwamfuta huɗu masu ƙatuwar ƙeya, sun haɗa baya a kan teburi, buhunan shinkafa a bayansu. Wai gwanjon tsofaffin kayan ofis ya je ya tarar da su, ya sa aka tayar da su, aka nemo masa wasan. A ƙasa ya rubuta: "Asabar bayan azahar. Boka, ga na da. In munka ci ka, sunanka ya koma Rabi'u Janareta, guruf ma a sake mai suna."

Abin da na fara yi shi ne buɗe hoton Sama'ila a waya, don rabona da shi shekara biyu. Yana nan da tabarau. Na rubuta: "Allah ya kai mu."

Nuriyya ta ce za ta bi ni Argungu, wai ta daɗe ba ta gaida Baiwa matar Hodi ba. Mun wuce Zauro, shinkafa ta yi kore shar har bakin kwalta, sai ta ce, "Shekara goma sha biyar ina jin labari. Yau dai in gani da idona."

"Ba wurin mata ba ne," na ce. "Sito ne, ƙura ce."

"Ni da ke share ɗakinka za ka gaya ma ƙura?"

Hodi bai bar komai ba. Sai da muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi har gumi ya karyo, sannan ya kai mu siton. Ya toshe taga da kwali. Yana da ƙaton janareta mai juya injin casa, amma ya je ya aro wani ƙarami, tsoho, mai tari, wai don abin ya yi daidai. Ya aje wa matan benci a bakin ƙofa. Tamba ya zauna kusa da ni, tumbinsa ya tokare teburi, kujera ta yi ƙara.

"Boka, kak ka ba ni kunya," ya ce. "Ni bayana ba ya jan igiya yanzu."

Sama'ila ya zo daga baya, ya gaisa da kowa a natse irin ta hedimasta, ya zauna a gabana. Na ɗan karkata kai, na saita ido a tazarar nan kamar jiya na bari. Kwamfutoci suka kama, kiɗan wasan ya tashi.

Babu komai a tabaraun. Wasu 'yan sirara ne, marasa baki, kana ganin ƙwayar idonsa tar kamar bai sa komai ba.

"Malam Sama'ila, an sake tabarau," na ce, kamar ina yaba sabuwar hula.

"Awo. Likitan ido yac ce waɗanga ba su ɗaukar haske. Sun fi daɗi wajen karatu."

Ashe har tabarau an gyara wa hali.

Ba zan tsawaita ba. An kashe ni a Kasuwa, an kashe ni a Zauro, an kashe ni ina neman maɓallin da ake durƙusawa da shi. A zagaye na huɗu na jefa gurneti ta daki bango ta dawo mana, ni da Tamba muka tafi tare. Hodi yana dariya har yana dukan buhu.

"Ina aljanun naka, Boka? Ko sun yi ritaya?"

"Hannu ne bai saki ba tukuna," na ce.

"Hajiya Nuriyya, kina gani ko? Wanga shi na mijin naki da kika jin labari," in ji Hodi.

Nuriyya na kan benci. Tana ɓare gyaɗa tana kallona, irin kallon da take yi wa mai nama in yana auna mata.

A zagaye na shida janareta ya yi tari biyu ya mutu. Siton ya yi tsit. Tamba ya dafa ƙugu ya kau da kai. Na tashi.

Rana ta buɗe a bayan siton, dusa na tashi. Na tsaya kan janaretan ina dubansa kamar fayil ɗin da ba na ofishina ba. Na kama igiya na ja. Ta ƙwace ta daki bayan hannuna. Na sake ja, ya yi gurnani ya yi shiru. A ja na biyar tafin hannuna ya sale.

"Ba ka buɗe mai mai ba." Sama'ila ne a bayana. Ya ce wa su Hodi zai zo ya nuna mini, tunda shi ya yi difloma biyu, ɗaya a aji ɗaya a igiya. Ya sunkuya ya murɗa wani ɗan abu. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya fiddo wani tsohon gidan tabarau da aka ɗaure da roba, ya buɗe. Su ne. Gindin kwalba, ƙafa ɗaya an ɗaure ta da zare.

"Na taho da su," ya ce. "Na so in ga ko ka koyi wasan cikin shekarun ga. Ashe ba ka koya ba."

Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi kan janareta.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun zango na biyu. Mutum shina harbi amma bai kallon kwamfuta tai, ni yaka kallo. Da fari na ɗauka ƙaunata kaka yi."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In hwaɗi mi? Hodi zai ce tabarau na ag gardama, a cire su. In na cire ban ganin ko teburin. Sai a samo wani a ba shi kujerata, ni in koma bakin ƙohwa tsaron takalma." Ya hura tabaraun ya goge da bakin riga. "Gara a kashe ni ina zaune. Kuma kai ma ina tausayinka, ba ka da wani abu sai shi."

Wannan ta ƙarshen bai kamata ya faɗa ba, amma ban ga ta inda zan musa ba.

"Ja igiyar," ya ce. Na ja, ya tashi.

Da muka koma ciki Sama'ila ya zauna, ya cire sababbin tabarau ya naɗe, ya ɗora tsofaffin a hanci. Hodi da Tamba suka fashe da dariya.

"In za a yi na da, a yi na da," in ji Sama'ila.

"Sauran minti nawa ga la'asar?" Tamba ya tambaya.

Baiwa ta duba waya daga bakin ƙofa ta ce bai fi biyar ba. Wannan zagayen ne hukunci ke nan.

Na karkata kai. Ga su nan, fitilu biyu a fuskar Sama'ila, kamar shekara ashirin ba ta wuce ba. Sai dai akwai abin da ni da shi ba mu lissafa ba. Idon da ya zo Argungu ba shi ne idon difloma ba. Ina ganin haske yana motsi, amma ko za a yanka ni ba zan iya cewa kore ne ko ja ba. Na runtse ido ɗaya, na buɗe, na miƙa wuya har ya yi ƙara. Wani abu ne dai kamar kunu.

Shi ma Sama'ila, tabaraun da aka auna masa yana ɗan shekara ashirin da biyu ba su san shi ba yanzu. Ina jin Hodi yana faɗa masa, "Ina za ka? Bango na wanga. Sama'ila, bango kaka tura." Sannan, "To, tahi, ina bayanka."

Ni kuwa na tsaya cik a inda aka aje ni, bindiga na kallon ƙasa. Tamba yana zungurina da gwiwar hannu.

"Boka, suna ina?"

"Yi shiru, ina aiki."

Ladan ya gyara murya a lasifikar masallacin unguwa. Na ga hasken tabaraun ya yi wani juyi, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Daga can ɓangaren na ji Hodi ya ce, "Kai, kai, kai," sai ƙarar faɗawa ruwa, sau biyu, ɗaya na bin ɗaya. Rubutu ya fito a fuskar kwamfutata cewa mun ci. Sama'ila ya taka ya faɗa rijiyar Zauro, Hodi kuma, kamar yadda ya saba tun muna samari, ya bi bayansa.

Ladan ya yi kabbara.

Tamba ya miƙe a hankali, ya dubi kwamfutata, ya dubi hannuna da ke kan cinya.

"Ko harsashi guda bai harba ba," ya ce. "Jama'a ku shaida. Da can sai ya jefa gurneti. Yanzu kallo kawai shika yi, mutane su kai kansu rijiya."

Hodi ya zagayo ya tsaya kaina. Ya sa hannu ya laluba aljihun rigata, na dama da na hagu. Makullin mota ya samu da goro rabi.

"Ni dai na ga wuyanka na ta murɗewa," ya ce. "Allah ya shirye ka, Boka. Ɗan malamai guda."

Sama'ila yana mayar da tsofaffin tabarau gidansu, yana ɗaure roba. Ko gani ne bai yi ba ya faɗa rijiyar, ko yana sane, ban tambaye shi ba. Mun yi alwala a buta ɗaya, ruwan ya shiga inda igiya ta sale ni, na cije.

A hanyar komawa, mun bar Argungu da nisa, rana ta yi sanyi, masu shinkafa na hawowa daga fadama da kekuna.

"Wasan ya yi kyau," in ji Nuriyya.

"Hannu ne bai saki da wuri ba."

"Uhm." Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta. "Ni dai ban san kan kwamfuta ba. Amma kowa na ga yana kallon tashi, kai kaɗai kake kallon Malam Sama'ila. Da ya sake tabarau kuma har wuyanka ya ƙara tsawo."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na mai da hankali sosai kan wata akuya da ke can nesa, ba ta ma da niyyar tsallakawa.

"Ba wanda zan gaya wa," ta ce. "Me zan ce? In ce shekara goma sha biyar ina haddace ƙarya?"

Waya ta yi ƙara a aljihuna. Ta ciro ta duba. Tamba ne ya sake wa guruf suna, ya koma Zauren Babban Boka. Ta karanta mini da murya irin ta mai karanta labarai, ta mayar da wayar.

Mun shigo Gwadangaji ana shirin magariba, unguwar ba wuta. Na tsayar da mota ƙarƙashin dogon yaro. Shekara da shekaru, in aka ɗauke wuta, ita ke fita ta tayar da namu janaretan, don na gaya mata tun muna amarci cewa hannuna bai saba ba.

Ta buɗe ƙofa, ta sauke ƙafa ɗaya, ta waiwayo.

"Boka," ta ce. Ba ta taɓa kirana da sunan ba sai ranar. "Yana bayan kicin. Ka fara buɗe mai."